Azumin Litinin da Furar Jiratawa

Babu babin da ya taɓa tashinmu daga gyangyaɗi a zauren Malam kamar babin aure. Mun yi wata da watanni muna fama da hukuncin ruwa: wanda ya jirkita, wanda kare ya sa wa baki, rijiyar da akuya ta faɗa ciki ta mutu. Malam na jan baƙi yana fassarawa bayan sallar asuba, mu kuma samari kawunanmu na ta gaishe shi. Amma ranar da ya juya takarda ya ce yau mun shiga aure, har wanda ya saba ɓuya bayan ginshiƙi yana satar barci sai ga shi a gaba, ya miƙe wuya, yana neman a maimaita masa.

Lokacin Faransawa na nan, ba a daɗe ba da ruwa ya kore mu daga tsohon garin Maraɗi muka hau tudu, muka gina gidaje layi-layi yadda kwamanda ke so. Ina da shekara ashirin da ɗoriya. Na sauke Alƙur'ani, ina aikin buhuna a kantin wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a Sabon Gari: in gyaɗa ta zo in ɗinke baki, in ta ƙare in ɗauki abin da aka ɗora mini. Mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Shi ma yakan zauna bakin ƙofar zaure da carbinsa yana sauraren karatu, ba ya tambaya, ba ya tari.

Malam ya ce mana aure rabin addini ne, kuma sallar mai iyali ba ɗaya take da ta tuzuru ba. Na ji wannan a jikina, don kwana kaɗan kafin nan aka kunyata ni. Liman bai fito azahar ba, aka tsaya ana kallon juna. Ni kuwa na san duk sahun nan ba wanda ya kai ni karatu, sai na gyara hula na taka gaba. Wani tsoho ya kamo gefen rigata ya mayar da ni baya, ya tura wani mahauci wanda in ya wuce ƙananan surori sai dai Allah ya kiyaye. Dalili ɗaya: mahauci na da mata, ni ba ni da ita. Na yi sallar nan a bayansa zuciyata na tafasa, kuma ban tabbata an karɓe ta ba.

Kada in cuci gaskiya, ba limanci kaɗai ke cina ba. Akwai wata yarinya da ke kawo fura daga Jiratawa kowace Litinin, ranar kasuwa. Takan zauna gindin wata bedi, wato bishiyar dogon yaro, kusa da masu albasa, ƙwaryarta fes, ludayinta fes, bakinta kuwa ya fi yajin furar zafi. Ba ta da tsawo, tana da wushirya, kuma in tana dama fura ba ta kallon ƙwarya, mai saye take kallo. Na fi shekara ina shan furarta. Ban taɓa ce mata komai ba sai "a ƙara nono", ita ma ba ta taɓa ce mini komai ba sai "Malam, nonon ba na gado ba ne", amma kullum sai ta ƙara. A wurinmu wannan magana ce babba.

Matsalata ita ce ni ɗan fari ne. Wanda bai tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari ba, ba zai gane ba. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, in tana son in ci abinci sai ta ajiye akushi ta yi magana da bango. Mahaifina in ya tashi aikena, sai ya ce wa iska, "A gaya wa wancan shi kai akuya gulbi," alhali daga ni sai shi a wurin. To ta ina zan buɗe baki in ce ina son mata? Ƙannena na da 'yancin yin shagwaɓa, ni sai dai a gane ni. Akwai kakata ta wurin uba a Tibiri, wadda ke kirana maigidanta, ita kam ba abin da ba zan iya gaya mata ba. Amma duk abin da ta ji da safe, kafin la'asar masu tallan goro sun ji. Na ce a raina ba zan sa kaina a bakinta ba.

Sai Malam da kansa ya ba ni hanya, ko kuma na ɗauka ya ba ni. Wata Lahadi ya karanta mana cewa an hori samari: mai hali ya yi aure, wanda ba shi da hali ya riƙi azumi, domin azumi na kwantar da jini. Na saci kallon bakin ƙofa. Mahaifina na zaune, ya gyaɗa kai. Ya ji! Nan take dabara ta faɗo mini. Zan kama azumin Litinin da Alhamis. Duk mai hankalin da ya ji karatun yau, ya kuma ga saurayi ya kama azumi washegari, ai ya san abin da ake gaya masa. Na fita daga zauren nan ina jin duk Maraɗi ba a haifi mai wayona ba.

Azumin nafila ana son a ɓoye shi, Malam ya faɗa, ba sau ɗaya ba. Ni nawa kuwa har kajin gida sun san da shi. In na tashi sahur sai na yi karo da turmi, na saki ƙwarya, na yi gyaran murya sau uku daidai ɗakin mahaifina. Da rana in aka ajiye mini akushi, sai in ɗauke shi in mayar tsakar gida in ce wa bango, da ƙarfi, "Azumi nika yi." In yamma ta yi sai in zauna ƙofar gida in shanya leɓɓana da suka bushe, don masu wucewa masallaci su gani.

Abin da ban lissafa ba shi ne bazara. Na kama azumi a lokacin da rana ke narka ƙwaƙwalwa, ga buhu a ka, ga yashin Maraɗi na gasa tafin ƙafa. Abin da ya fi wannan ciwo, Litinin ita ce ranar furata. Ni da wayona na toshe ƙofa ɗaya tak da nake da ita ta yin magana da yarinyar nan. Kuma mahaifina, da yake shi ke kiran magariba, a ganina da gangan yake jan ƙafa. Sai rana ta faɗi, ja ya gushe, sannan ya hau 'yar matakalarsa a hankali kamar mai ciwon gwiwa. Allah ya gafarta mini, na sha zagin gwiwoyin nan a zuci.

Litinin ta farko na ratsa ta gaban bedi na yi kamar ina duba albasa. Ta biyu ma haka. Ta uku ta kira ni.

"Malam, hurata ta yi tsami ne?"

"A'a. Azumi nika yi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ramuwa kake? Na ɗauka mu mata muka ramuwa."

Masu albasa suka kwashe da dariya. Na koma latsa albasa kamar mai ciniki. Ta ci gaba da damu, sannan ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Babana ya ce in hito da wanda nika so kahin watan azumi. Mai tuƙin kamiyon nan na Zinder ya aiko mutanensa. Ni na ce a dakata."

"Ina nan ina shiri," na ce.

"Shirin yunwa?" Ta ɗaga ludayi ta bar furar ta zuba a hankali. "Shi dai luddai huɗu yaka sha, kuma da bakinshi yaka magana."

Na san mai kamiyon, babbar motar kayan nan. Yana da agogo, yana da takalmin fata mai ƙara, yana zuba Faransanci har da akuya in ta tare masa hanya. Saura mako takwas watan azumi ya kama. Na koma gida na ƙara ƙarfin karo da turmi.

Kuma abin ya fara aiki, ko kuma na ce ya fara. Mahaifina ya soma kallona ta gefen ido, fuskarsa a sake. Tsohon da ya ja mini riga ya tare ni ya sa mini albarka. Wata Alhamis na dawo daga kanti na tarar da buzu a shimfiɗe ƙofar ɗakina, tsohon buzun rago wanda gashinsa ya ƙare a wurin gwiwa da goshi. Na kakana ne, mahaifin mahaifina, ba wanda ke taɓa shi. Na ce alhamdu lillahi, an fara raba mini kayan zama magidanci.

Kwana biyu bayan haka ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya kira ni zaure. Shi ne bakin mahaifina a duk abin da ya shafe ni. Na je da hula a gyare, na durƙusa, ina ta danne murmushi.

"Babanka ya ga halin da kake ciki," ya ce.

"Na gode, Baba."

"Ya ce samarin yanzu hankalinsu na ga mata da sigari, kai kuwa Allah ya juya maka baya ga duniya. Ya ce yaro irinka ba a ɓata shi da buhun Kwara. Mun yi shawara da Malam. Za ka tahi Katsina, daga can ka wuce Zazzau, ka zauna gaban manyan malamai shekara biyar ko shida. Na riga na je biron kwamanda neman lesefase," wato takardar ƙetare iyaka. "Alhamis ta sama akwai kamiyo."

Ban san lokacin da na ce "Na'am?" ba.

"Murna ta hana ka magana. Babanka ma jiya har hawaye ya yi."

Na fito ban ga hanya ba. Mako shida ina shanya hanjina a rana don a ba ni mata, sakamakon shi ne za a kore ni daga gari. Kuma ina da tabbacin kamiyon da zai kwashe ni na mai agogon nan ne, ya sauke ni a bakin iyaka ya juyo ya wuce Jiratawa. Na yi fushi da kowa: da Baba Ƙarami, da Malam, da mahaifina da ya ji karatu da kunnensa ya kasa haɗa shi da abin da ke gabansa. Ban yi fushi da kaina ba, wannan sai daga baya.

Ranar Laraba na bar buhunan Kwara na kama hanyar Tibiri da ƙafa. Na sami kakata a rumfarta ta kasuwa tana sayar da daddawa. Da ta hango ni ta saki guɗa.

"Ga maigidana waliyyi! An ce ka bar cin tuwo, hasken Allah kaɗai kaka sha. Zo ka toha mani addu'a ga daddawa ta ƙare."

Na durƙusa na gaya mata komai, tun daga mahauci har lesefase. Ta yi dariya har ta kwanta kan tabarma, ta tashi ta share hawaye, ta dube ni, ta sake kwantawa. Wata mai tallan goro da ke gefe ta matso, kakata ta maimaita mata tun daga farko, har da ƙarin abin da ban faɗa ba.

"To, mi ya hana ka zo wurina tun hwarko?"

"Bakinki, Kaka."

"Bakina ne zai aurar da kai, marar kunya. Za ka yi mani kishiya, kuma ni ka sa in nemo ta." Ta ɗaure bakin ƙwaryar daddawa. "Ubanka tun yana yaro haka yake. In ka nuna mashi wata, sai shi tsaya yaba hannunka. Koma gida. Gobe ka ɗauki azuminka kamar kullum."

Washegari da hantsi, Alhamis, sai ga ta kan jaki, da ƙwaryar fura a ɗaure cikin zane. Ta sauka tsakar gida ta sa aka shimfiɗa mata tabarma. Mahaifiyata ta durƙusa daga nesa. Ni ina zaune kan buzun kakana ƙofar ɗaki, ina riƙe da takardu ina kallon baƙi ba na ganinsa.

"Kai, ladan, zo nan," ta ce.

Mahaifina ya zo ya tsuguna gabanta, ya cire takalmi.

"Ranar da malaminku yac ce wanda bai da halin aure shi yi azumi, kana wurin?"

"Ina wurin, Inna."

"Wanshekare ɗanka ya kama azumi. Mi ka gane?"

"Na gane Allah ya shirye shi."

"Allah shi shirye ka kai! Mata yaka so! Ɗiyar Jiratawa mai hura, wadda ka zama gindin bedi. Yaro na ta hwasa maku ƙorai da asuba, ku kuna neman mashi takardar Zazzau. In ba ku je ba kahin azumi, mai mota za ya ɗauke ta."

Na ji mahaifiyata ta shige ɗaki da sauri, kuma na rantse dariya ta kai ciki. Na so in yi dariyar ni ma, don nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Sai na ɗaga ido na ga fuskar mahaifina.

Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da na ji sauƙi. Hasken nan da na riƙa gani a fuskarsa mako shida, shi ne na ga ya tafi. Mutum ne da bai samu karatu mai zurfi ba, iyakarsa bakin ƙofar zaure da kiran salla, kuma ya ɗauka Allah ya ba shi a ɗansa abin da bai ba shi a kansa ba. Ya dubi buzun da nake zaune a kai, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya dube ni. Tun da na yi wayo, ran nan ne ya fara yi mini magana kai tsaye, ba ta bakin iska ba.

"To, azumin nan duka, na wa ne?"

Na sunkuyar da kai kan takarduna. Malam ya sha gaya mana kowace ibada mutane na iya gani, ban da azumi, shi na Allah ne shi kaɗai. Ni kuma na ɗauke shi na mayar da shi ɗan aike tsakanina da mahaifina. Ba zan ce babu Allah a ciki ko kaɗan ba. Akwai yammacin da ƙishi ya kai ni inda na manta da bedi da ludayi, na ji zuciyata ta yi wani irin sanyi. Amma ba don wannan na fara ba, kuma shi ya sani, ni ma na sani. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Kakata ta ga abin ya yi nauyi, sai ta kwance ƙwaryarta ta tura gabana. "Sha, maigida. Wasa ya ƙare. Ni na ce ka sha."

"A'a, Inna," in ji mahaifina. Ya sa takalminsa. "Bar shi shi kai wanga. Guda ɗai dai shi kai shi don Mai shi."

Na kai shi. Ban zauna ƙofar gida ba ran nan, cikin ɗaki na wuni, kuma da aka kira magariba ban ga an ja ƙafa ba.

Ranar Lahadi Baba Ƙarami da wasu dattawa biyu suka ɗauki goro suka tafi Jiratawa. Aka tambayi yarinya, ta ce in dai mai yunwar nan ne, ta yarda, ko don ta ceci rai. Lesefase ta fito bayan an sa rana, Baba Ƙarami ya riƙa nannaɗe taba da ita a aljihu. Malam kuwa da na koma karatu ya dube ni ta saman takarda ya ce shi tun Litinin ta farko ya gane, amma ba wanda ya tambaye shi, kuma yana son ya ga ko zan kai Zazzau. An ɗaura aure saura kwana shida a ga wata. Mahaifina bai karɓi buzunsa ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Ya koma aikena ta bakin iska kamar da.

Bayan ƙaramar salla da mako biyu, wata Litinin da safe, amarya ta dama fura ta kawo mini, nono har yana neman zuba. Na ce mata a hankali, yadda ko kaza ba za ta ji ba, ta ajiye sai magariba.

Ta tsaya da ƙwarya a hannu. "Kuma? Wa kaka nema yanzu?"

Na rantse mata ba kowa. Ta ce za ta sa ido, kuma ta sa, shekara arba'in da wani abu. Ni dai tambaya aka yi mini a tsakar gida ban amsa ba, kuma ban san wata hanyar amsa ta ba sai wannan.

Ban gaya wa kowa ba, ban yi karo da turmi ba, na je aikina na dawo. Da rana ta yi ja ina zaune kan buzu cikin zaure ina jiran lokaci, mahaifina ya fito zai tafi kiran salla. Ya ratsa ta gabana bai dube ni ba. Sai da ya fita na ga dabino uku a gefen buzun, daidai inda gashin ya ƙare.